Jirgin sama ko jirgin ƙasa: gardamar Faransa da tambayar da aka yi mini a aji



Ni malamin labarin ƙasa ne a wata makarantar kolej a nan Maraɗi. A zangon karatun da ya wuce ina darasin sufuri da gurɓatar muhalli da ƴan ajin ƙarshe, masu shirin jarabawar birbe, sai na kawo musu misalin Faransa, inda aka kafa dokar hana wasu jiragen sama na cikin gida tashi idan akwai jirgin ƙasa da zai kai mutum wurin a cikin awa biyu da rabi. Na cika allo da alƙaluma, na nuna musu yadda jirgin ƙasa ya fi jirgin sama sauƙin hayaƙi. Ina shirin share allo sai wata yarinya da ke zama can baya, wadda ba ta cika magana ba, ta ɗaga hannu ta ce: "Mushe, to mu da ba mu da jirgin ƙasa, kuma ba mu da kuɗin jirgin sama, me ya haɗa mu da wannan darasin?"

Aji ya fashe da dariya. Ni kuwa na ce mata ana iya kawo shi a jarabawa, don haka ta kwafa. Amsa ce irin ta malamin da aka ritsa. Na koma gida abin yana damuna, domin yarinyar ta yi tambayar da ta dace, ni ne na kasa. Wannan rubutu shi ne amsar da ya kamata in ba ta, kuma na kawo shi nan saboda na san yaranku za su yi muku irin wannan tambayar, a aji ko a tsakar gida.

Ra'ayina shi ne darasin ya shafe mu ƙwarai. Sai dai idan muka koyar da shi yadda ya zo mana daga waje, wato "ku bar jirgin sama ku hau jirgin ƙasa", mun ɓata lokacin yara. Akwai abin da ke ƙarƙashinsa wanda ya fi amfani a gare mu.

Abin da Faransa ta yi

A ƙarshen 2018 Faransa ta rikice da zanga-zangar masu riguna ruwan ɗorawa, wadda ƙarin harajin man mota ya tayar. Talakawan karkara suka ce an ɗora musu nauyin gyaran yanayi, alhali masu hali suna ta yawo a jirgin sama. Daga cikin abin da ya biyo baya, an zaɓi mutane 150 ta hanyar ƙuri'a, daga kowane irin gida da sana'a, aka ce su zauna su kawo shawarwarin rage hayaƙi. Sun yi aiki daga Oktoban 2019 zuwa Yunin 2020. Ɗaya daga cikin shawarwarinsu ita ce a hana jirgin sama zuwa duk garin da jirgin ƙasa ke kaiwa cikin ƙasa da awa huɗu.

Da maganar ta isa hannun gwamnati da majalisa, awa huɗu ta koma awa biyu da rabi. Haka ta shiga dokar yanayi ta ranar 22 ga Agustan 2021, kuma ba ta fara aiki ba sai a watan Mayun 2023. Da aka auna ta da sharuɗɗan da aka gindaya, hanyoyi uku kacal ta kama: daga filin jirgin Orly na Paris zuwa Bordo, zuwa Nant, da zuwa Liyon. Jiragen da ke tashi daga babban filin Charles de Gaulle zuwa waɗannan garuruwa sun ci gaba da tashi. Ƙananan jiragen attajirai ma dokar ba ta taɓa su ba. Manyan hanyoyin da suka fi cika, irin su Paris zuwa Tuluz da Paris zuwa Nis, suna nan daram, saboda jirgin ƙasa yana ɗaukar fiye da awa huɗu kafin ya isa can. Ƙungiyar Transport & Environment ta ƙiyasta cewa hanyoyin ukun da aka hana ba su wuce kashi 3 cikin 100 na hayaƙin jiragen cikin gida na Faransa ba. Ƙari a kan haka, kamfanin Air France ya riga ya daina bin su tun 2020, a cikin sharuɗɗan tallafin da gwamnati ta ba shi lokacin annobar korona.

Ke nan dokar da duniya ta yi ta yayatawa ta zo ta tarar da aiki a gama. Wannan ma darasi ne da ya kamata yara su ji: tsakanin shawarar jama'a da abin da ke fitowa a takardar doka akwai hannuwa da yawa, kuma kowane hannu yana rage wani abu.

Lissafin da ke bayan gardamar

Duk da raunin dokar, lissafin da aka gina ta a kai daidai ne. Man jirgin sama ɗan uwan kananzir ne, kuma kowane kilo ɗaya da aka ƙona yana sakin fiye da kilo uku na iskar kabon, wadda ke taruwa a sama tana riƙe zafin rana. Jirgi yana shan mai mafi yawa a lokacin tashi da hawa sama. Idan tafiyar gajera ce, wannan shan man na farko ana raba shi ne a kan kilomita kaɗan, shi ya sa gajeren zango ya fi dogon zango ɓarna a kowace kilomita. Sannan akwai farin layin nan da yara ke nunawa a sama bayan jirgi ya wuce. Tururi ne da ya daskare, kuma yakan zama siririn gajimare mai ƙara riƙe zafi.

Ma'aunin da masana ke amfani da shi shi ne: gram nawa na hayaƙi ya hau kan fasinja ɗaya a kilomita ɗaya? A alƙaluman gwamnatin Ingila, jirgin sama na cikin gida yana kusan gram 250 idan aka haɗa da tasirin gajimaren nan, ko wajen gram 150 idan iskar kabon kaɗai aka ƙidaya. Jirgin ƙasa na yau da kullum yana wajen gram 35. Babbar motar fasinja tana ƙasa da gram 30. Jirgin ƙasa mai gudu na Faransa, wanda suke kira TGV, bai kai gram 5 ba.

Mu ɗauki Paris zuwa Bordo, wajen kilomita 500 a miƙe. Zuwa da dawowa a jirgin sama, ko da kabon kaɗai muka ƙidaya, kilo 150 ne a kan mutum ɗaya. A TGV, wanda tun 2017 yake yin tafiyar cikin awa biyu da ƴan mintoci, zuwa da dawowar ba ta wuce ƴan kiloli da za a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba. Yanzu ku riƙe wannan: idan aka raba dukkan kabon da Nijar ke fitarwa daga mai da gawayin ƙasa da siminti a kan yawan jama'arta, kowane ɗan Nijar yana samun wajen kilo 100 a shekara. Ma'ana, mutumin da ya je Bordo taro da safe a jirgin sama ya komo Paris da yamma ya fitar da abin da ya zarce rabon ɗan Nijar na shekara guda cur.

Wani zai ce ai sufurin sama gaba ɗayansa kashi biyu da rabi ne kawai cikin 100 na kabon ɗin duniya. Gaskiya ne. Amma a duba su wa ke hawa. Wani bincike da aka wallafa a 2020 ya nuna cewa a shekarar 2018 kashi 11 cikin 100 na mutanen duniya ne kaɗai suka shiga jirgin sama, kuma kashi 1 cikin 100, masu yawan tafiya, su ke da alhakin rabin hayaƙin jiragen fasinja. Kaɗan ne ke cin daɗin, zafin kuwa kowa ya sha.

Me ya sa jirgin ƙasan Faransa ya fi na kowa tsabta?

Dalili biyu ne. Na farko na kowane jirgin ƙasa ne: ƙafar ƙarfe a kan dogon ƙarfe ba ta da tirjiya irin ta taya a kan gudron, kuma kai ɗaya yana jan ɗaruruwan mutane. Na biyu shi ne inda wutarsa ke fitowa. TGV da lantarki yake tafiya, kuma wajen kashi biyu cikin uku na lantarkin Faransa daga tashoshin nukiliya yake, waɗanda ba sa ƙona mai ko gawayi. Da a ce da gawayin ƙasa ake samar da wutar, da wannan gram 5 ɗin ya ninka sau da yawa.

A nan ne na so in tsayar da ɗalibata in ce mata: kin ga wuri na farko da aka haɗa mu. Tashoshin nukiliya yuraniyom suke ci, kuma tun 1971 ake haƙo yuraniyom a Arlit. A cikin shekaru goman da suka gabaci 2023, kusan kashi ɗaya cikin biyar na yuraniyom ɗin da Faransa ta shigar daga Nijar ya fito. An ɗauke shi a bayan manyan motoci masu shan gazuwal, ta Agadas da Tawa, har zuwa Faraku da tashar ruwan Kotonu. Wato a cikin tsabtar jirgin da ke kai ɗan Paris Liyon a awa biyu tun 1983, akwai gumin ma'aikatan Arlit da ƙurar hanyar Tawa. Ƙasar da ta ba da makamashin kuwa har yau mafi yawan gidajenta ba su da wuta, kuma ba ta da jirgin fasinja ko ɗaya da ke aiki. Ban kawo wannan don in cusa wa yara ƙiyayyar kowa ba. Na kawo shi ne don yaro ya koyi bin sawun abu har tushensa: idan an ce maka abu mai tsabta ne, ka tambayi inda aka wanke shi da inda aka zubar da ruwan wankin.

Wuri na biyu da aka haɗa mu

Duk malamin da ke wannan ƙasa ya tuna daminar 2024. Ambaliya ta kashe mutane fiye da 300, ta shafi fiye da miliyan ɗaya, kuma jihar Maraɗi na cikin waɗanda suka fi jin jiki. Tsohon masallacin ƙasa na Damagaram, wanda ya tsaya tun ƙarni na 19, ya rushe a watan Satumba. Komawa makaranta da aka shirya farkon Oktoba sai da aka ɗage ta zuwa 28 ga wata, domin azuzuwa da dama sun lalace, wasu kuma iyalan da gidajensu suka faɗi ne ke kwana a ciki. Masu binciken yanayi da suka duba ruwan wannan shekarar a Nijar da Najeriya da Chadi da Sudan da Kamaru sun gano cewa ɗumamar duniya ta ƙara masa ƙarfi. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: iska mai zafi ta fi ɗaukar tururi, idan ta tashi saukewa sai ta sauke da yawa a lokaci guda.

Ba zan ce jirgin Paris zuwa Bordo ne ya rushe ajin wani ƙauye a Madarunfa ba. Magudanan ruwa da muka cushe da leda, da gine-ginen da muka yi a kan hanyar ruwa, laifinmu ne. Amma hayaƙi ba ya neman biza. Wanda aka saki a sararin Turai ko Amurka ko Sin yana cakuɗuwa da iskar duniya duka, ya daɗe ɗaruruwan shekaru. Makonni kusan huɗu na karatun da yaranmu suka rasa suna da alaƙa da yadda wasu ke zaɓar tafiya a ƙasashensu. Saboda haka idan Bafaranshe ya bar jirgin sama ya hau TGV, ni ina da riba a ciki, kuma ina da bakin cewa dokarsu ta awa biyu da rabi ta yi kaɗan, ta awa huɗun da jama'arsu suka nema ita ta fi.

Mu yi namu lissafin

Bari in faɗi laifina kafin in faɗi na wani. Sau ɗaya na taɓa shiga jirgin sama a cikin gida. Wata ƙungiya ce ta gayyace mu taron ƙara wa juna sani a Yamai, ta biya mana kujerar dawowa. Tafiyar da na saba yi a kar tun asuba har la'asar, wajen awa goma, ƙafafu a kumbure, sai ga ni na yi ta cikin awa ɗaya da ƴan mintoci. Na ji daɗi, kuma da an sake ba ni ban san zan ƙi ba. Don haka ba na cikin masu zagin wanda ya hau jirgi daga Yamai zuwa Difa, tafiyar fiye da kilomita 1,300, ko mara lafiyar da aka ɗauko daga Agadas, ko ma'aikacin agajin da hanya ba ta da tsaro a gare shi. Inda babu zaɓi, wa'azi ba ya aiki.

Amma ga aikin da na ba ɗalibaina daga baya, wanda kowane malamin lissafi zai iya bayarwa. Lita ɗaya ta gazuwal tana sakin wajen kilo 2.7 na kabon. Daga Maraɗi zuwa Yamai ta babbar hanya wajen kilomita 660 ne. A ce kar ya sha lita 250 ɗauke da mutum 60. Kilo 675 ke nan, kowane fasinja ya tashi da kilo 11 da ɗoriya, wato gram 17 a kilomita. Yanzu a ce babbar motar ofis, irin mai tayoyi huɗu masu ja, ta sha lita 80 a wannan hanyar ɗauke da babban mutum ɗaya a kujerar baya. Kilo 216 ke nan a kansa shi kaɗai, fiye da gram 300 a kilomita. Ya zarce ma wanda ya hau jirgin sama.

Da yaran suka gama lissafin sai suka yi tsit. Abu biyu suka gani da idonsu. Na ɗaya, uwarsu da ke matsuwa a kar da buhun kayanta tana cikin matafiya mafi ƙarancin hayaƙi a duniya, ta fi mai hawa jirgin ƙasa na yau da kullum a Ingila. Na biyu, abin da ya fi ɓarna a hanyoyinmu shi ne kujerar da babu kowa a kanta. Ayarin motoci goma da ke raka mutum ɗaya buɗe taro ya fi damuna a kan ɗan jirgin da ke sauka Maraɗi jefi-jefi.

To ina amfanin dogo a gare mu?

Idan kar cike da mutane ya riga ya yi sauƙin hayaƙi haka, me za mu yi da jirgin ƙasa? Amsata ita ce kaya da rayuka. Nijar ba ta da teku. Shinkafa da taki da ƙarfen gini da magani duk a bayan manyan motoci suke shigowa, albasar Galmi da waken Maraɗi da ayarta da dabbobi kuma a bayan manyan motoci suke fita. Jirgin kaya, ko da na gazuwal ne, yana ɗaukar tan ɗaya da man da bai wuce kashi ɗaya cikin uku ko huɗu na abin da babbar mota za ta sha ba, kuma jirgi ɗaya yana kwashe kayan motoci da dama. Kowace babbar motar da ta bar hanya ragin hayaƙi ce, ragin ramukan gudron ne, ragin kuɗin buhu ne a kasuwa. Duk wanda ya bi hanyar Konni da dare, ya ga kar yana wuce tirela a kan kwana, ya san sauran ribar ba a auna ta da gram.

Tarihin dogo ya daɗe yana tsayawa a bakin ƙofarmu. Ya iso Kano a 1911, ya kai Ƙauran Namoda da Nguru wajen 1930, ya tsaya. Ta kudu ya taso daga Kotonu ya tsaya a Faraku. Tsakanin 2014 da 2016 an shimfiɗa wajen kilomita 140 daga Yamai zuwa Doso, aka yi bikin buɗewa, amma ba a haɗa shi da na Benin ba, kuma bai taɓa zama hanyar sufurin jama'a ba. A Fabrairun 2021 Najeriya ta aza tubalin layin Kano zuwa Maraɗi, wajen kilomita 284, ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Wannan shi ne dogon da zai fara shigowa ƙasar Hausa ta Nijar, kuma yaran da ke gabanmu yau su ne za su yi aiki a kansa ko su kalle shi yana tsatsa.

Akwai masu ja da wannan magana, kuma ba na raina hujjarsu. Suna cewa ƙasar da yaranta ke karatu a rumfar zana ba ta da hurumin mafarkin jirgin ƙasa, kuɗin kilomita ɗaya na dogo zai gina azuzuwa masu yawa. Suna cewa shimfiɗa dogo kansa yana cin siminti da ƙarfe, waɗanda sarrafa su ke fitar da hayaƙi mai yawa, don haka layin da babu kaya a kansa asara ce ga aljihu da muhalli duka. Suna kuma tuna mana harin da aka kai wa jirgin Abuja zuwa Kaduna ranar 28 ga Maris 2022, wanda ya tsayar da layin har zuwa Disamban shekarar.

Na yarda da su a kan abu uku: kada a gina dogo don biki, kada a gina wanda bai haɗu da tashar ruwa ko babbar kasuwa ba, kada a gina wanda ba za a iya tsarewa ba. Layin Doso ya ishe mu wa'azi. Inda na rabu da su shi ne cewa mu haƙura gaba ɗaya. Yawan jama'armu yana ninkawa cikin wajen shekara ashirin. Kayan da za a ɗauka zai ninka, ko a kan dogo ko a kan gudron ɗin da muke ta faci. Kuma ba TGV muke nema ba. Jirgi mai matsakaicin gudu, mai jan kaya da fasinja, wanda ke tashi a kan lokaci, ya wadatar.

Abin lura daga ƙasashen da suka yi nasara shi ne ba doka ce ta fara raba mutane da jirgin sama ba. A Sifen, da aka buɗe layi mai gudu tsakanin Madrid da Basalona a 2008, tafiyar ta koma wajen awa biyu da rabi, sai mafi yawan matafiya suka koma jirgin ƙasa da kansu. A Maroko, tun Nuwamban 2018 jirgin Al Boraq ya rage tafiyar Tanja zuwa Kasabalanka daga kusan awa biyar zuwa awa biyu da minti goma. Ita ma Faransa ba ta iya hana jirgin Bordo ba sai bayan ta shafe shekara arba'in tana shimfiɗa dogo. Gini ne ke zuwa farko, hani ya biyo baya. Duk wanda ya zo mana da hani ba tare da gini ba, a mayar masa da tambayar ɗalibata.

Roƙona ga malamai da iyaye

Ga ƴan uwana malamai: mu daina ba yara sakamakon lissafin wasu su haddace. Mu koya musu ma'aunin kansa, wato mai nawa aka ƙona, mutum nawa aka ɗauka, kilomita nawa aka yi. Mu tura su tasha su gaishe da direba da ladabi su tambaye shi lita nawa yake sha zuwa Damagaram da kujeru nawa gare shi. Su auna kabu-kabu, su auna adaidaita, su auna amalanken shanu. Yaron da ya iya wannan rabawar ba za a ruɗe shi da talla ko jawabin ɗan siyasa ba. Mu buɗe taswira mu sa su zana inda dogo ya tsaya a Najeriya da Benin da Burkina, su faɗi da kansu garuruwan da ya kamata a haɗa da dalilinsu. Kuma mu kiyaye kada mu ɗora musu laifin da ba nasu ba. Yaron da ke zuwa lakwal a ƙafa ba shi ne ya ɗumama duniya ba, kuma yana da haƙƙin ya san haka.

Ga iyaye: idan yaro ya zo da irin wannan tambayar kada a ce masa maganar Turawa ce. Gonar da ruwa ya ci da ajin da ya rushe ba na Turawa ba ne. Idan masu neman ƙuri'a ko wakilan hukuma suka zo da zancen dogo, a tambaye su abin da za a ɗauka a kansa, da wace tashar ruwa zai haɗu, wa zai gyara shi idan ya lalace, kuma yaranmu nawa ake horarwa don su tuƙa shi su kula da shi. Tashar jirgi tana buƙatar makanikai da masu walda da masu lantarki da masu lissafin kaya. Idan ba mu shirya namu ba, ranar da jirgin ya iso za a zo da wasu daga nesa, namu su tsaya sayar da ruwan sanyi a bakin tasha.

Ga mu kuma da muke samun kujerar ofis ko ta ƙungiya lokaci-lokaci: idan mutum huɗu za su taro ɗaya, mota ɗaya ta isa. Taron da waya za ta iya gamawa ba sai an ƙona lita 80 ba.

Mako biyu bayan wancan darasin na koma ajin na ce wa yarinyar amsar da na ba ta ranar ba ta yi ba, ga wata. Muka yi lissafin kar da motar ofis tare, ita ce ma ta fito allo ta yi rabawar. Da ta gama ta ajiye alli ta ce: "Mushe, ke nan idan jirgin Kano ya iso kuma babu kowa a ciki, shi ma ɓarna ne?" Na ce mata ƙwarai kuwa. Ta ce to ita za ta so ta ga lissafin kayan da aka ce zai ɗauka. Na ce mata ni ma haka, kuma duk wanda ya riga samu a cikinmu ya kawo wa ɗan uwansa.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mana yaranmu a kan hanya.